Yadda na bi sawun wasiƙun Kawu da suke ɓacewa a hanya

Bayan sallar magariba Kawu ya kira ni, kuma daga yadda ya gajarta gaisuwa na san da magana. Yana sayar da taki da iri da maganin feshi a cikin garin Kaduna, yana da sito a wajen Mando, ni kuma nake kula masa da shafin intanet da adireshin imel na kasuwancin. Ya ce ya haɗu da jami'in sayen kaya na wata ƙungiya da ke raba wa manoma kayan noma, mutumin ya tambaye shi dalilin da bai aiko da farashinsa ba, alhali kwana goma ke nan da suka tura wa 'yan kasuwa takardar neman farashi ta imel. Saura kwana huɗu a rufe karɓa.

"Ni dai ban ga komai ba," in ji Kawu. "Na duba wayar nan ciki da waje. Ba kai ka ce min duk abin da aka aiko nan zai faɗo ba?"

Ni na faɗa masa haka kuwa. Lokacin da na yi masa rajistar suna mai ƙarewa da .com.ng, na kama haya a sabar wani kamfani, wato kwamfutar da ke riƙe shafuka da imel, mai amfani da cPanel, manhajar da mai haya ke saita abubuwansa da ita, irin hayar da ake haɗa ɗaruruwan shafuka a kan na'ura ɗaya. Kawu ya ce shi ba zai koyi sabuwar manhaja ba, Gmail ɗinsa ya ishe shi. Sai na yi abin da ya fi sauƙi: na saita adireshin kasuwancin ya riƙa tura duk saƙon da ya shigo zuwa Gmail ɗinsa kai tsaye. Ban buɗe akwati a kan sabar ba, don haka babu inda ake ajiye kwafi. Saƙo ya shigo ya wuce, shi ke nan. Shekaru aka yi a haka ba wanda ya koka.

A daren na fara gwaji. Na tura saƙo daga adireshina, ya shiga wayar Kawu cikin minti ɗaya. Na ce masa ya tura daga nasa Gmail ɗin zuwa adireshin kasuwancin, mu ga ko zai dawo masa. Bai dawo ba. Na ɓata kusan awa guda ina neman dalili, kafin na tuna cewa kowane saƙo yana da lambar shaida tasa, kuma idan Gmail ya ga saƙon da ya fita daga akwati ya zagayo ya dawo cikinsa da wannan lamba, ba ya sake nuna shi a matsayin sabo. Duk mai gwada turawa ya kiyaye wannan: kada ya yi gwajin daga akwatin da saƙon zai koma, zai ruɗar da kansa ne kawai.

Washegari da safe na tafi shagon da kwamfutata. Na zauna a kan benci tsakanin buhunan taki, warin maganin feshi yana shiga hanci, na karɓi wayar Kawu na buɗe akwatin sifam, wato inda Gmail ke jefa saƙonnin da bai yarda da su ba. A cike yake maƙil. Yawancinsu tarkace ne, masu tallar bashi da masu cewa an toshe asusunka ka latsa nan. Amma a tsakaninsu na ga saƙon wani manomi daga wajen Saminaka yana tambayar farashin irin masara, na ga takardar kuɗi daga wani dillali, na ga wasu biyu ko uku na mutanen kirki. Jikina ya yi sanyi, domin Gmail yana share abin da ya kwana 30 a wannan akwati, kuma Allah kaɗai ya san nawa suka tafi a haka. Takardar ƙungiyar kuwa ko a nan babu ita.

A cikin cPanel akwai shafin bin sawun saƙonni, mai nuna duk abin da ya shigo da inda ya nufa da amsar da aka ba shi. Da can ban taɓa buɗe shi ba. Na nemi ranar da jami'in ya ambata, sai ga saƙon da jan tambari a gefensa. Sabarmu ta karɓe shi lafiya, ta miƙa wa Gmail, Gmail ya ƙi karɓa da lambar 550-5.7.26, wadda ma'anarta ita ce ba a tabbatar da mai aikowa ba, kuma dokar da mai sunan da ke kan saƙon ya kafa ta ce kada a karɓi irin wannan. Sabarmu ta mayar da sanarwar rashin isarwa, to amma ƙungiyar ta turo takardar ne daga adireshin na'ura wanda ba mai karanta amsarsa. Su suna ganin sun aika, mu ba mu san an aiko ba. A ƙasa kuma na ga layuka masu yawa da lambar 421-4.7.28, wadda Gmail ke bayarwa idan ya ga tarkacen saƙonni sun yi yawa daga lambar IP ɗaya, wato lambar da ake gane saba da ita a intanet, sai ya ce a dakata a sake gwadawa. Shi ya sa wasu saƙonnin Kawu suke isowa bayan awanni, shi kuma yana ɗora laifin a kan sabis.

A nan na yi kuskuren da ya ci min yini guda. Na ga an ambaci tabbatar da mai aikowa, sai na ɗauka bayanin SPF na sunanmu, wato jerin sabobin da muka yarda su aika saƙo da sunanmu, shi ke da matsala. Na shiga rajistar DNS, inda ake wallafa bayanan suna don kowa ya gani, ina ƙara wannan ina cire wancan, har na kusa haura iyakar bincike 10 da ƙa'idar SPF ta yarda da shi, wanda in ka wuce shi bayanin gaba ɗaya ya lalace. Ina gyarawa ina jira ina gwadawa, ba abin da ya sauya. Sai da la'asar na haƙura na mayar da komai yadda yake, na yi abin da ya kamata in fara yi tun daren jiya: na buɗe akwati na gaske a kan sabar da sunan adireshin kasuwancin. A cPanel idan akwati da umarnin turawa suna da adireshi ɗaya, saƙo yana sauka a akwatin, kwafi kuma ya wuce gaba. Kawu ya kira jami'in ya roƙe shi a sake turowa. Kafin isha'i takardar ta sauka a akwatin, na buga masa ita a shagon buga takardu da ke kusa. Kwafin da ya nufi Gmail an sake ƙin karɓarsa, kamar na farko.

Hankalin Kawu ya kwanta, nawa bai kwanta ba. A daren na zauna da saƙonnin nan na manomi da dillali, na buɗe asalin kowanne a Gmail, inda ake ganin bayanan da ke ɓoye a kan saƙo. Akwai layin da ke ba da sakamakon bincike uku: SPF da DKIM da DMARC. Sai da na karanta su ɗaya bayan ɗaya na fahimci abin da nake kallo, kuma misalin da ya zauna min shi ne na aika saƙo a tashar Kawo.

Idan za ka aika takarda Kano, kana sa ta a ambulan, a bayan ambulan ka rubuta wa direba sunanka da lambarka da na mai karɓa. A cikin takardar kuma akwai sunan wanda ya rubuta ta. Imel ma haka yake, yana da mai aikowa iri biyu: na bayan ambulan, wanda sabobi ke gani a tsakaninsu, da na cikin takarda, wanda mutum ke gani a wayarsa. SPF bayan ambulan yake dubawa. Mai suna yana wallafa jerin sabobin da ya yarda su ɗauko saƙo da sunansa, mai karɓa kuma ya duba ko wadda ta kawo tana cikin jerin. To ga sabarmu ta zo wa Gmail da ambulan mai sunan ƙungiyar, alhali ƙungiyar ba ta san da zamanmu ba, balle ta sa mu a jerinta. Dole SPF ya faɗi. Kuma jerin ƙungiyar ake dubawa, shi ya sa duk gyaran da na yini ina yi a namu bai taɓa komai ba.

DKIM kuma hatimi ne. Sabar mai aikowa tana sa hannu a kan jikin saƙon da wasu layukan kansa, ciki har da take a mafi yawan lokaci, ta amfani da mabuɗin sirri, ta kuma wallafa abokin mabuɗin a DNS don kowa ya iya tantancewa. Wannan hatimi yana jure turawa, ko sau nawa saƙon ya canza mota, matuƙar ba a taɓa abin da aka sa wa hannu ba. DMARC shi ne umarnin mai suna: yana son aƙalla ɗaya daga cikin biyun nan ya ci, kuma sunan da ya ci da shi ya dace da sunan da ke cikin takardar. In ba haka ba, mai suna ya zaɓi abin da za a yi: a ƙyale, ko a jefa a sifam, ko a ƙi karɓa. Yahoo ta zaɓi a ƙi karɓa tun watan Afrilu na 2014, abin da ya girgiza masu tura saƙo gaba a lokacin. Daga Fabrairun 2024 kuma Google da Yahoo suka tsaurara: duk mai aika wa Gmail sai ya zo da SPF ko DKIM, mai aika saƙo 5,000 a rana kuma sai ya haɗa duka biyun da DMARC. Tsarin da na kafa wa Kawu ya yi aiki ne a zamanin da ake ɗaga ƙafa, kuma ban ga laifin masu tsaurarawa ba, domin wannan shingen ne ke hana wani ya rubuta wa abokan cinikin Kawu da sunan Kawu ya ba su lambar asusun da ba tasa ba.

Saƙon manomin yana da hatiminsa, ya kamata ya tsira. Na duba takensa sai na ga an manna masa *SPAM* a gaba. Sabarmu ce ta manna. Akwai rariyar tace saƙonni a kanta, SpamAssassin, wadda ke ba kowane saƙo maki gwargwadon alamomin rashin gaskiya da ta gani, kuma a asali saƙon da ya kai maki 5 take kira sifam. Na tuna wani lokaci da Kawu ya yi ƙorafin tarkace sun yi yawa, na sauke iyakar zuwa 3, ina ganin na taimaka. Abin da hakan ya haifar shi ne saƙonnin mutanen kirki, musamman masu gajeren rubutu da manyan baƙaƙe, suka fara faɗawa ciki. Rariyar ta sauya musu take, hatimi ya karye, SPF dama ya riga ya faɗi, sai saƙo ya isa Gmail ba shi da shaida ko ɗaya. Wasu irinsa an ƙi su tun daga ƙofa, wasu an jefa su a sifam.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne rariyar ba ta tare komai. Tana ba da maki, tana manna tambari, sannan saƙon ya wuce Gmail da tambarinsa. Akwatin sifam na cPanel yana aiki ne a kan saƙon da zai sauka a akwatin da ke kan sabar, mu kuma ba mu da akwati sai a ranar. Na kuma gano wata ƙofa da na bari a buɗe tun ranar farko: na saita cewa duk saƙon da aka aiko wa kowane suna a ƙarƙashin sunanmu, ko da babu irin wannan adireshi, a tura wa Kawu. Na yi haka ne don kada wanda ya yi kuskuren harafi ya rasa mu. Masu watsa tarkace kuwa cankar sunaye suke yi, su jefo ɗaruruwa. Duk waɗannan sabarmu ke ɗauka ta kai wa Gmail da lambarta. Kawu kuma, kamar yadda na koya masa, yana latsa maɓallin kai ƙarar sifam a kan kowanne. A wurin Gmail, motar da ta kawo kayan ita ake gani. Wasu ma da aka ƙi karɓa, sabarmu tana mayar da sanarwa ga adireshin bogi da aka rubuta a bayan ambulan, wato tana damun mutanen da ba su aiko mana komai ba. Ga shi lambar IP ɗin ba tamu kaɗai ba ce, muna tarayya da sauran 'yan haya, abin da muka ɓata ya shafe su. Na duba ta a jerin Spamhaus na lambobin da aka kama da watsa tarkace, alhamdu lillahi ba ta ciki.

Na rubuta wa kamfanin da muke haya. Amsar farko da ta zo ita ce in gyara SPF ɗina. Na sake rubutawa, a wannan karon na manna musu layukan sakamakon binciken da lambobin amsar Gmail, na bayyana cewa maganar turawa ce, na roƙi abu biyu da mai haya ba shi da ikon taɓawa sai mai sabar. Na farko su kunna zaɓin da ke hana tura saƙon da rariya ta kama zuwa adireshin waje. Na biyu su kunna SRS, dabarar da ke sake rubuta bayan ambulan da sunan mai turawa, ta ɓoye ainihin adireshin a ciki tare da 'yar shaida, ta yadda SPF zai duba jerinmu ya ci, sanarwar rashin isarwa kuma ta san hanyar komawa gida. Na jaddada musu a yi na farko kafin na biyu, domin da zarar SRS ya fara aiki duk abin da muka tura da sunanmu zai fita, kuma ba na so tarkace su fita da sunan kasuwancin Kawu. Na kuma tambayi ARC, tsarin da aka wallafa a 2019, inda mai turawa ke sa hannu a kan sakamakon da ya gani kafin ya miƙa saƙon. Suka ce sabar da muke kai ba ta yi. Bayan kwana uku aka miƙa koken ga wani da ya san aikin, ya kunna biyun.

Kafin nan na yi nawa. Na rufe ƙofar nan ta kowane suna, saƙon da aka aiko wa adireshin da babu shi yanzu tun a bakin ƙofa ake ƙin sa. Na mayar da iyakar maki zuwa 5. Na kunna akwatin sifam a kan sabar, na ƙi kunna sharewa kai tsaye, domin na ga da idona irin saƙonnin da rariya ke kuskure a kansu. Don in tabbatar tana tarewa, na yi amfani da layin gwaji da ake kira GTUBE, wanda SpamAssassin ke ba maki 1000 duk inda ta gan shi. Bayan sun kunna nasu, na turo shi daga wani adireshi, ya tsaya a akwatin sifam na sabar, bai ƙarasa wayar Kawu ba. Na kuma kunna wa sunanmu DKIM, na wallafa DMARC mai cewa a ƙyale tukuna amma a riƙa aiko min rahoto, in ga su wa ke aika saƙo da sunanmu kafin in tsaurara.

Na gwada daga Yahoo, ya shiga. Daga Outlook, ya shiga. Na buɗe asalinsu na ga bayan ambulan ya fara da SRS0, SPF ya ci, hatimi lafiya. Na roƙi jami'in ƙungiyar ya sa a turo mana wani saƙo daga na'urarsu, ina da yaƙinin an gama. Gmail ya sake ƙin sa da 550-5.7.26.

Na buɗe kwafin da ya sauka a akwatinmu na karanta kansa daga sama har ƙasa sau biyu. Babu hatimin DKIM a jikinsa ko kaɗan. Ƙungiyar ta kafa DMARC mai cewa a ƙi karɓa, amma ta dogara da SPF kaɗai. In saƙonsu ya tafi kai tsaye ba matsala. In aka tura shi gaba ba tare da SRS ba, SPF ya faɗi. In aka tura da SRS, SPF ya ci amma da sunanmu, wanda bai dace da sunan da ke cikin takardar ba, don haka DMARC ya faɗi. Babu abin da zan juya a sabarmu da zai gyara wannan. Na rubuta wa jami'in gajeren bayani ya miƙa wa mai kula da kwamfutocinsu, to amma ba su kaɗai ba ne masu irin wannan tsari, kuma ba zan iya bin kowane mai aiko wa Kawu saƙo ina roƙonsa ya sa hatimi ba.

Ranar Asabar na koma shagon bayan azahar, lokacin da ciniki ya lafa.

"Kawu, ina so in cire turawar nan gaba ɗaya," na ce. "Saƙonnin kasuwa su zauna a akwatinsu, ka riƙa karantawa daga can."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, na gaya maka tun farko, ni ba zan iya da manhaja biyu ba."

"Allah ya ƙara maka lafiya, manhajar ɗaya ce. Cikin Gmail ɗin nan na wayarka zan ƙara shi. Za ka latsa hotonka a sama ka zaɓi na kasuwa, shi ke nan."

"In na amsa fa, da wane suna zai fita?"

"Da sunan shago."

Wannan ce ta shawo kansa. Ashe ya daɗe yana jin nauyin yadda ake rubuto masa ta adireshin kasuwanci, amsarsa kuma ta fita da tsohon adireshinsa mai shekarar haihuwa a ƙarshe. Na ƙara akwatin a wayar ta hanyar IMAP, tsarin da ke ba waya damar karanta akwati daga kan saba, ƙofa ta 993 don karɓa, ta 465 don aikawa, duka a rufe da tsaro. Na sa shi ya sauya daga wannan akwati zuwa wancan sau biyar a gabana, har yaron shago ya zo ya tsaya yana kallo don ya riƙa tuna masa. Na nuna masa akwatin sifam na sabar, na ce kada ya buɗe komai a ciki, ya bar min.

Turawa ɗaya na bari, ta adireshin akawun shagon, wanda ba a cika rubuto masa ba, kuma shi ma yana da akwati a kan sabar da ke riƙe kwafi. Kawu ya shigar da farashinsa kwana ɗaya kafin a rufe. Manomin Saminaka kuwa na sa an kira shi a waya an ba shi haƙuri, ya ce ya riga ya sayi irinsa a wani wuri tun kafin ruwa ya zauna. Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina buɗe akwatin sifam na sabar da shafin bin sawu, in duba jajayen layuka. Makon jiya na tsamo saƙon wani dillali da ya samu maki 5.2 saboda ya rubuta takensa duk da manyan baƙaƙe, na mayar da shi akwatin Kawu, na sa adireshinsa a jerin amintattu.